Bugu Ɗaya

Shekara talatin da ɗaya ina buga tafireta a Samaru,
fara a sama, kabon a tsakiya, kwafi uku:
ɗaya na fayil, ɗaya na oga, ɗaya na gara.
Hannuna bai taɓa haifar abin da ba shi da tagwai ba.

Sai ga ni ranar Asabar a Wusasa,
a barandar Rifkatu, sa'ar autata,
tana ce mini: Mama, tawadar ta yi yawa,
ba miyar kuka za ki kaɗa ba.
Murza ta a kan gilashin
har ki ji tana 'yar tsaki ƙasa-ƙasa.

Ganyen farko na gwanda ne.
Na kwantar da shi, na lulluɓa masa takarda,
na bi bayanta da gindin cokali
kamar mai shafa wa jinjiri man kaɗanya.
Da na ɗaga,
sawun saniya ne a taɓon Kubanni.
Na ce a ba ni wata, wannan ta lalace.
Ta ce ajiye ta.
Nan ba ma rufe kuskure da farin ruwa.

Sati huɗu kafin na gane
ganye ta baya yake magana.
Fuskarsa ta gaisuwa ce, sumul, lafiya lau;
labarin yana ƙasa, wajen jijiyoyi.
Gwaiba takan ba ka haƙarƙarinta duka.
Zogale kuwa, ka danna shi, ya yi fushi ya narke.
In an cire ganyen,
an sake ɗora takarda a kan ragowar tawada,
wani abu yakan fito, toka-toka, ba nauyi.
Rifkatu ta ce sunansa kurwa.
Shi na fi so, ban gaya mata dalili ba.

Cikin damina takardar tashi daga kwatas ta iso.
Wata uku.
Wanda ya buga ta ya cinye harafi ɗaya a sunana.

Na ɗauki faranti na zaga tsakar gida.
Gwaibar da Tanimu ya dasa shekarar da aka haifi Larai,
lallen bayan kicin,
rai-ɗore da ya fito da kansa a gindin famfo
na yi shekaru ina tuge shi yana dawowa.
Har ganyen da tsutsa ta ci na tsinka;
hudojinsa suka fito farare,
kamar rufin kwanon da ya tsufa, in ka kwanta da rana.

Shafi goma sha tara.
Na ninka, na huda da basillar ɗinkin buhu,
na ja zare ta cikin kakin zuma.
Bango kwalin taliya ne,
na dama sitaci na sa masa riga
da ƙyallen atamfar da na je aiki da ita ranar farko.
Gadon bayansa ya ɗan karkace.
A shafi na bakwai akwai ɗigon jinina,
na bar shi, ya yi kama da 'yar ƙwaro.

Jikana Sadau ya juya shi gaba da baya:
Ina rubutun?
Kawo in kai bakin get a yi miki fotokwafi,
kowa ya samu nasa.
Na ce a'a.
Mai son gani ya zo, ya wanke hannu, ya zauna.

Ranar Laraba na miƙa makulli.
Sabon gidan a Tudun Jukun siminti ne har bakin zaure,
ko inuwar kaza babu.
Baƙin tawada bai gama fita daga farcena ba,
duk alwala sai na gan shi.

Amma jiya, a tsagar da ke kusa da rariya,
wani abu ya leƙo da ganye biyu.
Ban san sunansa ba tukuna.
Na hana yara shara a wajen.
Na goge gilashina,
ina jira ya kai faɗin cokali.