Cindon Sisi

Wani direban tirela ya kawo ta daga Maraɗi
a cikin kwalin taliya.
Ba ta kai kyanwar maƙwabtanmu girma ba,
gashinta kamar soson da ya shekara a makewayi.
Na ce da ita Sisi, don ƙanƙanta.
Aikinta ɗaya ne: ɓerayen ɗakin gyaɗa
da ke bayan gidanmu a Ƙofar Sauri.

Sai da ta yi mako na lura.
Can sama da dungun ƙafarta ta gaba, ta wajen ciki,
akwai ɗan yatsa guda, shi kaɗai,
bai taɓa taka ƙasar Katsina ba.
Sauran huɗun tsakuwa ke yi musu aski,
shi kuwa farcensa tsiro yake, yana lanƙwasa,
lauje ba mai yankan ciyawa.

Ranar Talata gafiya ta kutsa ƙarƙashin buhuna,
Sisi ta bi ta.
Na ji ƙara, ba ta gafiyar ba.
Farcen ya maƙale a zaren buhu, ya tsage,
jini ɗigo-ɗigo har bakin rijiya.

A asibitin dabbobi na ce wa Likita Mannir,
"Guntule shi kawai mu huta.
Me yake tsinana mata?"
Bai amsa ba. Ya fito da busasshen ƙashi daga aljihun tebur,
ya miƙa mata.
Duk da ciwon, ta kwanta, ta rungume shi,
ɗan yatsan nan ya danne gefe
kamar babban yatsan mai cin rake.
"Ka gani? Na baya ne wani sa'in ke reto a fata.
Wannan da ƙashinsa.
Datse farcen za ka riƙa yi, wata-wata."

A kan babur, hanyar gida,
tana naɗe cikin tsohon buhu a gabana,
na yi ta shafa gefen hannuna na hagu
inda wani ɗan ƙululu yake, kamar ƙwayar gero.
Da shida aka haife ni.
Kakata Shekara ta ɗaure na shidan
da gashin wutsiyar doki,
kafin ranar suna ya bushe ya faɗi,
ta tona rami a gindin magarya.
Yatsan ya tafi, sunan ya zauna:
har gobe Cindo ake kira na a kasuwa.

Ban san abin da zai riƙe mini ba
da an bar shi.
Wataƙila ba komai.

Yanzu duk ƙarshen wata ina zama a kan turmi
da 'yar almakashi, ita tana zillo, tana gurnani,
in datse, in wanke hannuna yadda aka ce,
in dawo in tarar ta koma bakin buhuna,
kunne ɗaya a miƙe.