Haruffa Shida

A Kasuwar Dole na saye shi, dala ɗari,
ƙamus na Ingilishi da gara ta cinye wa bango.
Mai kayan ya ɗauka na naɗe ƙosai ne.

Daren da aka ɗauke wuta a Birni
na buɗe shi, tocila a bakina,
sai ga wata kalma mai haruffa shida,
tsohuwa, ta rakuɓe can gefe
kamar baƙuwar da ba a shimfiɗa wa tabarma ba.

Ma'ana ta fari: abin da fure ya lulluɓe.
An sa mata alama, wai ta rasu,
yau ba mai faɗin ta haka.
Ta biyu: fuskar da jini ya hau, ta yi ja.
Ta uku, nan na gyara zama:
maganar da ado ya yi wa yawa
har ta kasa ɗaga ƙafa.

Ashe fure, in ya yi doguwar tafiya,
zagi yake zama.

Na tuna Malam Tsahiru na lise,
da jan bironsa a gefen takardata:
"Rage gishiri. Wa ya aike ka?"
Na rage. Shekara talatin ke nan
ni ma ina tsinke na 'ya'yan mutane.

Na tuna kakata Tabawa.
In an ce fure, ba lambu take duba ba,
bakin zanenta take kwancewa:
furen taba da ɓarin goro,
ta goga har haƙora su yi ja wur.
Ita hure take cewa.
Ga ma'ana ta biyu a bakinta,
ba ta san wani ya rubuta ba.

Mu nan tsakanin duwatsu muke,
jarkar ruwa sai da layi,
wa zai shayar da abin da ba a ci?
Amma bedin ƙofar gidanmu
ba ya shawara da kowa.
Bazara na yi, ya zubo farare ƙanana
kan sirdin babur, cikin tulu,
kan furfurata.

Da safe takardar Barira na jirana.
Ta kira farin wata ƙwaryar nono
da wata ta manta a sama,
ta ƙara layi uku da ba a tambaye ta ba.

Na cire murfin jan biro.
Na daɗe.
Na hure furen bedi daga kan shafin,
na ba ta sha huɗu bisa ashirin,
na mayar da murfin.