Gardamar Faifai Na Uku

A gidan Anselmo, hawa na biyu, birnin Rosario,
inda ake hango jiragen hatsi suna jan ciki a kogin Paraná,
mu huɗu ne, ƙoƙon shayin mate ɗaya na zagayawa,
da gardamar da ta girmi ɗiyar Ximena.

Anselmo ya ce Gishirin Agusta sun mutu
tun ranar da Ramiro ya ajiye makirfo
ya koma ƙauyensu kiwon zuma.
Abin da ya biyo baya, in ji shi, gawa ce aka yi wa kwalliya.
Faifan farko kaɗai yake saurare,
wanda suka naɗa a garejin kawun wani,
har kana jin haushin kare a ƙarshen waƙa ta shida.
Wannan karen, ya ce, ya fi mai gangarsu na yanzu sanin kiɗa.

Ximena ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta.
Ramiro? Mai waƙa kamar yana lalube makulli a duhu?
Ita Ludmila ce tata,
muryar da ke farawa da raɗa a bayan ƙofa
ta ƙare kamar an ja ƙarfe a kan kwalta.
Faifai na huɗu ta kunna ranar da aka sallame ta daga aiki,
ta wanke kwanuka sau uku,
kwanukan da babu wanda ya ci abinci a ciki.

Nahuel ba ruwansa da faifai.
Sau goma sha tara ya gan su,
tikitocin na cikin gwangwanin biskit a ƙarƙashin gado.
Ya ce gani ya kori ji.
A Córdoba wuta ta ɗauke ana tsaka da wasa,
suka ci gaba da jitar katako ɗaya,
mutum dubu biyu suka zama lasifika.
Wanda bai je ba ya kama bakinsa.

Ni kuwa na uku nake so,
wanda kowa ya tsana,
mai dogayen waƙoƙi da ba su san hanyar gida ba.
Suka yi mini caa.
Ban gaya musu shi ne ya maƙale a rediyon motar yayana Leandro ba,
shekara biyu ya ƙi fita,
da shi muka yi ta zaryar asibiti,
da shi na dawo ni kaɗai.
Na ce dai ina son sautin jitar.

Asabar muka je.
Anselmo ya ce ya zo ne ya ga iyakar ɓarnar,
ya harɗe hannu kusa da ƙofa kamar mai bin bashi.
Zufa, gwiwar wani a haƙarƙarina,
ƙasa na rawa ƙarƙashin takalmi.
Can wajen sha biyun dare
Ludmila ta ɗauko waƙa ta shida, ta Ramiro,
ta ja ta a hankali,
a baiti na biyu kalma ta kuɓuce mata.
Ta tsaya.
Daga wajen ƙofa wata murya mai tsatsa ta miƙa mata ita,
kuma inda karen ke haushi
rabin ɗakin ya yi haushi.

A tashar bas, yana share ido da gefen riga,
Anselmo ya ce hayaƙi ya yi yawa a ciki,
kuma ta yi gaggawa a amshi.
Ximena ta ƙyale shi.
Nahuel ya lallaɓa tikiti na ashirin cikin aljihu.

Ko waƙa ɗaya ba su taɓa daga na uku ba.
Ban ji haushi ba.
Motar na nan a bayan gidan mahaifiyata,
tayoyi sun kwanta, batir ya mutu,
faifan yana ciki.