Jinjirin Wata a Maiurno

A Maiurno, bakin kogin Nilu,
akwai wani tudu da kakana Sambo ke hawa
duk yammacin ashirin da tara.
Shekara arba'in idonsa ne shaidar gari.
In ya ce "Ga shi can," sai ganga ta amsa,
mata su kwaɓa lalle, a ɗora tukunyar asida.

Bana ma ya hau, ina riƙe da sandarsa.
Rana ta faɗa bayan gonakin dawa,
jan sama bai ko huce ba
wayata ta yi ƙara a aljihu:
an gani, gobe Sallah.
Wai wani madubi mai dogon wuya ne ya kamo shi,
wai tun bara masu lissafi suka san daƙiƙarsa.

Na yi shiru. Lasifikar masallaci ta tona ni.

"Wa ya gani?" in ji Kaka.
Na ce, "Na'ura."
Ya ce, "Tana da alwala?
In ta yi ƙarya, wane alƙali zai rantsar da ita?"
Sai ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Can ƙasa yara na gudu da albishir,
babu wanda ya ɗaga kai.
Kowa ya sunkuya, hasken tafin hannu a fuskarsa,
ana neman wata a inda ba ya fitowa.

Kaka ya kamo wuyan hannuna.
"Rakiya, shekara uku ke nan yana ta rufe mini ido.
Hawa kawai nake, don kada tudun ya manta da mu.
Miƙa hannunki. Yatsu huɗu sama da inda rana ta nutse,
hagu da goribar nan mai reshe biyu.
Kada ki zura ido, ki bar shi ya zo."

Na duba, babu.
Na duba har hawaye, babu.
Wani jemage ya gifta,
sai ga shi, siriri kamar yankan farce,
ɗan jinjiri mai kunyar baƙi.

"Kaka, ga shi can!"
Ya juya fuskarsa inda muryata ta nuna,
ya yi addu'ar ganin wata a hankali,
kalma bayan kalma, don in riƙe.

Na ciro waya na ɗauke shi hoto.
Da na duba,
duhu ne kawai, da kan goriba.