Babi Na Goma Sha Ɗaya

Mahaifina, Baldomero, mai gyaran agogo ne
a gangaren Valparaíso,
inda gidaje ke riƙe da kafaɗun juna don kada su zame cikin teku.
Da rana yana sauraron zuciyar ƙarfe,
da dare yana gina wata ƙasa da babu ita a taswira.
Shekara tara, littafi ɗaya.
An buga ɗari uku, aka sayi sittin da biyu,
sauran ɓeraye suka karanta.

A ƙasar tasa ba a dukan kowa.
Abin da ya ba mutane dariya ke nan.
"Ina sojojin? Ina karnukan?"
in ji Nicanor mai gidan burodi,
wanda ya san ƙarar takalmin soja tun yana ɗan yaro.
"Zalunci babu bulala ai miya ce babu gishiri."
Mahaifina ya kara wani agogo a kunne, ya ce:
"Ni ba duba nake yi ba.
Wanda zai tsaya, tun yana tafiya nake jin sa."

A babi na uku ƙofofi sun san fuskoki.
A na biyar, kowace safiya
ana sallamar kalma ɗaya daga aiki,
a naɗa wata mai ladabi a gurbinta.
Yunwa ta koma jinkirin abinci,
kora ta koma hutu.
A na bakwai mutane suka yi layi da ƙafarsu,
suna murmushi, suna miƙa asirinsu
don a rage musu kuɗin mota.
Ba wanda ya sa su.
Mahaifiyata ta ce da ya rubuta wannan shafin
kwana uku bai taɓa cokali ba.

Ya rasu cikin sanyin Yuli,
agogo ashirin na bugawa a kansa,
kowanne da lokacin da ya ga dama.

Jiya na shiga kantin magani.
Yarinyar ta ce in kalli wani ɗan gilashi.
Na kalla. Ya yi ƙyas,
ya kira sunana dalla-dalla, Eulalia,
har da na tsakiyan da na tsana tun ina makaranta,
ya rage mini peso ɗari biyu.
Na ce na gode.
Da bakina na faɗa.

A cikin akwatin katakon da ke jan mu zuwa saman tudu
wani saurayi ya ƙure muryar wayarsa.
Masu neman kujera biyu na cacar baki,
ɗaya na tallar tsoro,
ɗayan ya ce nasa ya fi araha.
Muka wuce gidan burodin a kulle.
Jikan Nicanor, an ce, yana hutu.

Na iso gida, ban cire takalmi ba,
na jawo kwalin daga ƙarƙashin gado.
Shekara talatin ina ce wa mutane na karanta shi,
alhali a babi na goma na tsaya,
wai ya yi duhu da yawa, wai Baba ya cika baki.
Na buɗe na goma sha ɗaya
in ga yadda suka fita, in sun fita.
Haƙoran ɓera sun riga ni.
Rabin layi kawai ya rage a ƙasan shafi:
"sai wata mata ta juyo, ta ce"

Ta ce me, Baba?

Teku na can yana wanke duwatsunsa.
Babu ƙurunƙus a wannan tatsuniya,
babu kan kusu, sai kashinsa a kwali.

Gobe da hantsi zan sauka tudu
in mayar musu da ɗari biyunsu.
Yarinyar za ta zaci tsufa ne.
Bayana layi zai yi tsawo, wani zai yi tsaki.
Ban san me zan ce ba tukuna.
Na dai ware tsabar, tana kan tebur,
kusa da agogon da na sake ba wa wani.