Karfasar Zare

A Garwa, bayan 'yan kifi,
Baba Tanimu ya daina cin wuyan riguna.
Keken ɗinki ya kwashe ciniki,
ya bar masa allura
da guntayen zare a gwangwanin madara.

Yanzu karfasa yake yi,
ba ta kai gaɓar yatsa ba.
Ya tura mata auduga da tsinken ashana,
ya bi gadon bayanta da ƙulli, ƙulli, ƙulli,
har ta yi ciki, ta yi nauyi a tafin hannu
kamar yanzu aka tsamo ta daga Binuwai.

Ni Azumi, jikarsa, ni ke zura masa zare
tun da yana ta rufe idonsa na hagu.
Idon kifin ma ya ba shi wuya.
Sau huɗu yana warwarewa:
"Wannan kallon mushe ne."

Wata ta taya dala ɗari.
Ya ce albarka.

Da dare kyanwa ta shinshina,
ta sure ta, ta haura katanga.
Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Bar ta, Azumi. An biya ni."