Mai Ɗinkin Tuta

Shekara arba'in ina ɗinka zalɓe
a tutar Gidan Orndal,
farin zare bisa shuɗin ulu,
ƙafa ɗaya a ruwa, ɗaya a naɗe.

Jiya Torgils na Gidan Skarn ya haye kogi
da mahaya ɗari bakwai,
ƙanƙara na tsagewa ƙarƙashin kofato.
Kafin a kunna fitilun hasumiya
an rataye takobin maigidana a ƙofar barga.

Da safe aka kawo mini tutocin cikin kwando.
"Warware tsuntsun nan, tsohuwa,
ki ɗinka mana baƙin gatari."
Na ce to.
Allura ba ta da ubangida.

Amma ni na ɗinka wa Eskil rigarsa ta fari.
Uwarsa Aldis ta cusa shi a jirgin fataken gishiri,
ɗan shekara shida, da gurasa a hammata.
Ko kuka bai yi ba.
Takalminsa ɗaya na nan kan matakala,
bayi na ratse shi, babu mai ɗauka.

Zaren da na warware ban zubar ba,
na dunƙule shi a tsohon tulun man kifi.
Tsakar dare nakan ji shi yana motsi
kamar fiffike na laluben ƙofa.

Torgils ya yaba gatarin, har da azurfa uku.
Bai juya tutar ba.
Mayaƙi ina ruwansa da bayan ɗinki?
A can na bar idon zalɓen guda, a buɗe,
yana kallon teku.